Hanyar Gembu: Kafin Ki Hau Tsaunin Mambila Da Yara

Uwargida, idan hutun makaranta ya zo maigida ya ce a shirya zuwa Gembu, kada nisan hanya ya karya miki gwiwa. Tafiyar kusan yini guda ce daga Jalingo, amma ido zai sha kallo.

Da asuba ake tashi. Za ku wuce Bali a bakin Kogin Taraba, sannan Serti, ƙofar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowanne girma a Najeriya. Daga Mayo Selbe hawan yake farawa: kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, kwazazzabo mai zurfi a ɗaya gefen. Kada ku bari dare ya riske ku a nan, balle da damina, lokacin da hazo kan rufe hanya.

Da kun kai sama, kimanin mita 1,600, sai ki ce wata ƙasa kika shiga: ciyawa kore shar, garkunan shanu, ga gonakin shayi na Kakara. Sanyin kuma ba na wasa ba ne. Yaron da ya baro Jalingo yana gumi, a Nguroje zai kama rawar ɗari.

Saboda haka rigunan sanyi su zauna a jakar hannunki, ba a but ba. Ki rage wa yara maiƙo kafin hawa, ki tanadi leda saboda amai. Ki tuna wa maigida a duba birki, a cika tanki.

Wacce ta taɓa hawa da goyo? Faɗa mana a ƙasa yadda kika yi.