Wuƙar Aljihu Mai Makulli: Me Za A Duba Kafin A Saya?

Shirinmu na musamman na yau ya tsaya ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ba ya cika tafin hannu, amma manomi da makiyayi da matafiyi da mai aure itatuwa a lambu duk sun san ranarsa. Wuƙar aljihu ke nan, wadda ake naɗe ruwanta ya kwanta cikin ƙota. Wadda muke magana a kanta ita ce ƙarama, mai makulli, wadda aka ƙera ruwanta da baƙin ƙarfe, irin ƙarfen nan da ke tsatsa in an yi masa sakaci. In mutum zai saya, me zai duba?

Ku biyo ni tukuna zuwa tsaunukan Savoie, a kudu maso gabashin Faransa. A shekarar 1890, wani saurayi ɗan shekara 18, Joseph Opinel, ɗan maƙeri jikan maƙeri, ya fara ƙera wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako a maƙerar mahaifinsa. Zuwa 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Har yau da lamba ake sayenta, sai dai an daina yin lamba 1 da lamba 11 tun da daɗewa.

To ga abin da ya ɗauki hankalina. In ka kai ruwan wuƙar kusa da ido, za ka ga an buga wani ɗan tambari: hannun dama, yatsu uku a miƙe, biyu a lanƙwashe, da kambun sarauta a sama. A 1909 Joseph ya yi rajistar wannan tambari. Al'adar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, domin tun 1565 Sarki Charles na Tara ya umarci kowane babban maƙerin wuƙa a Faransa ya riƙa buga alamarsa a kan aikinsa, yadda in wuƙa ta yi ha'inci za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hannun kuma daga ina? Daga tambarin garin Saint-Jean-de-Maurienne, babban garin yankinsu. A majami'ar garin akwai wasu ƙasusuwan yatsu uku da Kiristocin wurin suka yi imani na Yahaya Mai Baftisma ne, wato wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, alaihis salam. Labarin da suka gada ya ce wata mata mai suna Thècle ce ta ɗauko su daga Iskandariya ta Masar a ƙarni na 6. Ka ji fa. Wuƙar yanka albasa, amma tambarinta ya kai ka har Iskandariya.

Abin mamaki, shekara 65 wannan wuƙa ta yi ba ta da makulli. Matsin katako ne kawai ke riƙe ruwan. Sai a 1955 Marcel, ɗan Joseph, ya ƙara mata wani zoben ƙarfe a wuya, aka sa masa suna Virobloc. Ku saurari yadda yake aiki, don sauƙinsa ne abin sha'awa. Zoben yana da tsaga a gefe guda. In tsagar ta yi daidai da ramin ƙota, ruwan zai buɗe ko ya rufe. In ka buɗe, sai ka murɗa zoben da babban yatsa, tsagar ta kauce, ƙarfe ya tare hanya. Shi ke nan, ruwa ba shi da inda zai koma. Babu sifirin da zai karye, babu maɓallin da zai maƙale. Ka buɗe, ka murɗa. Ka gama, ka murɗo, ka rufe. Daga lamba 6 zuwa sama ake sa wannan zobe, kuma daga baya an gyara shi yadda zai kulle wuƙar ko tana rufe, kada ta buɗe a aljihu.

Tana da nata halin, kada in yi mata ado fiye da kima. Ƙotar katako ce, katako kuwa yana shan laima. Da damina ko in ta jiƙe, sai ya kumbura ya cije ruwan, ka ja da farce har farcen ya nemi karyewa. Mutanen Savoie sun daɗe da samo dabara: ka riƙe wuƙar ta wajen zobe, ka ɗan buga gindin ƙotar a kan tebur, tsinin ruwan zai leƙo, ka kama ka buɗe.

Akwai wata 'yar uwarta a Faransa da ke da labari ita ma. A 1929 kamfanin Cognet na garin Thiers ya ƙera wuƙar Douk-Douk don sayarwa a tsibiran Melanesiya, har ya zana hoton wani dodon can a jikin ƙotar. Kasuwar can ba ta karɓe ta ba. Sai aka juyo da ita Afirka ta Arewa, ta samu shiga ƙwarai, musamman a Aljeriya. Akwai ma samfurin da ake kira El Baraka, wanda aka cire masa hoton dodo aka sa tambarin nan na Agadez da Abzinawa ke ƙerawa, kuma ana cewa don Musulmi masu saye aka yi haka. Baƙin ƙarfe ce, mai kaifi, siririya. Amma a lura: Douk-Douk ba ta da makulli. Sifirin mai ƙarfi ne ke tallafe ruwan, in ka danna da ƙarfi zai rufe. Na ambace ta ne don mai saye ya bambance tsakanin wuƙa mai tauri wajen rufewa da wuƙa mai kullewa, domin a nan ne yatsu ke shan wahala.

Masu makulli na gaske da baƙin ƙarfe, ban da wuƙar Opinel, akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Ita zobe ne da ita a baya, sai ka ja shi kafin ruwan ya sake, kuma tana ƙarar ƙas-ƙas in ana buɗe ta. Akwai kuma Mercator, ita ma ta Solingen, mai ƙotar ƙarfe da hoton kyanwa tana tsalle, wadda ake danna wani ɗan harshe a bayanta ta rufe.

Yanzu maganar ƙarfen. Me ya sa mutum zai zaɓi abin da ke tsatsa alhali ga marar tsatsa a kasuwa? Ƙarfe marar tsatsa yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke yi masa wata fata siririya da ido ba ya gani, ta hana ruwa da iska cin sa. Baƙin ƙarfe ba shi da wannan kariya. Abin da yake da shi kabon ne, a na Opinel kusan kashi 0.9 cikin ɗari, kuma idan aka ƙona shi aka tsoma yadda ya kamata, yana ɗaukar kaifi mai laushi, yana kuma saurin dawowa a kan dutse. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Maƙerin da ke yanko tsohon sifirin mota ya ƙera wa mahauci wuƙa, da irin wannan ƙarfen yake aiki. Ku duba mahauci a bakin teburinsa, ya goga wuƙa sau uku huɗu, ta koma tana ratsa jijiya. Gaskiya dai ƙarfe marar tsatsa na zamani ya inganta sosai, ratar ba ta kai ta da ba. Amma wajen sauƙin wasawa da dutsen da ke gida, da kuma araha, baƙin ƙarfe na nan a gaba.

Kuɗin da za ka biya shi ne kulawa. Ka yanka lemun tsami ko tumatir ko albasa, kafin ka ankara ruwan ya fara canza launi, ya yi toka-toka, wani lokaci da shuɗi-shuɗi. Kada ka tsorata, kada ka kankare. Wannan duhun yana ɗan kare ƙarfen ne ma. Abin gudu shi ne jar tsatsa mai kaushi, wadda ke cin rami. Maganinta rigakafi: ka yi aiki, ka goge, ka busar, sannan ka rufe. Bari in maimaita: ka goge, ka busar, sannan ka rufe. Wuƙar da aka naɗe da jiƙa, a cikin ƙota take ruɓewa inda ido ba ya kaiwa. Ɗigon mai kaɗan ya isa, kuma in da ita kake yanka abinci, ya zama man da ake ci. Da hunturu ba ka da damuwa sosai. Damina ce gwajin, da gumin aljihu lokacin bazara. Mai kamun kifi, ko wanda ya san kansa ba zai goge ba, ya sayi marar tsatsa ya huta, ba abin kunya ba ne.

To ga ka a gaban mai kaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Buɗe ta, kulle ta. Kama bayan ruwan ka jijjiga hagu da dama, sama da ƙasa. In tana kaɗawa, ajiye. Sannan ka kawar da yatsunka daga ramin ƙota, ka danna bayan ruwan a hankali kamar za ka rufe. Mai makulli na kirki ba ta motsi. Rufe ta ka shafa, tsinin ya ɓuya gaba ɗaya, kada ya huda aljihu ko cinya. Duba rubutun jikin ruwan: a Opinel, Carbone shi ne baƙin ƙarfe, Inox shi ne marar tsatsa. Jabu sun yi yawa, tambarinsu a dagule, zobensu na rawa. Wajen girma, lamba 6 ruwanta santimita 7, lamba 8 kuma santimita 8.5, kuma tsakanin nan yawancin aikin yau da kullum yake: igiya, rake, mangwaro, feƙe itace. Makulli kuma ba lasisin ganganci ba ne, kada a ɓanɓare murfin gwangwani da ita ko a mayar da ita sukudireba, tsinin zai ɓalle.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure, don haka a gurguje sai doka. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa in ruwanta bai wuce inci 3 ba, amma kotu ta yanke cewa mai makulli ba ta cikin wannan sassauci, sai da ƙwaƙƙwaran dalili, komai ƙanƙantarta. A jirgin sama, a sa ta cikin jakar da za a auna, kada a riƙe ta a hannu. A gida kuma, kayan aiki ce, wurinta gona da lambu da madafa. Ba a shiga taron jama'a da ita, ba a barin ta inda yara za su kai hannu.

Wasawa da irin dutsen da ya dace, wannan sai wani shirin.