Tarihin da ke kwance cikin lakar tabki

Cikin ruwan tabki akwai halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu filankton. Su ne cimar ƙananan kifaye. In sun mutu sai su nutse, laka ta rufe su, ta bana bisa ta bara.

Masu bincike kan kafa dogon bututu a ƙasan tabki, su zaro lakar, su yanyanka ta. Da can, madubin likita ake sawa a duba, kuma masu ɓawo mai tauri kaɗai ake gani. Masu taushin jiki kuwa sun ruɓe, ko alama babu. To amma ƙwayar gadonsu, wato DNA, wadda Faransawa ke ce ma ADN, takan manne a jikin laka ta daɗe. Ita ake karantawa yanzu a gane waɗanda suka rayu a wurin.

An yi haka a tabkin Burje na Faransa, mai zurfin mita 145. Ruwan dattin garuruwa ya daɗe yana kwarara cikinsa, har 1980 da aka karkatar da shi zuwa kogin Ron. Lakar ta nuna cewa ire-iren filankton sun soma sauyawa tun wajen 1940, kafin a fara auna ruwan a kai a kai. Ka ga ke nan masu gyaran tabkin sun san yadda yake kafin ya gurɓace.

DNA ta fi daɗewa cikin sanyi da duhu. A ƙasashenmu zafi na saurin lalata ta, shi ya sa aikin ya fi wuya a nan.