TAKARDAR SHAIDAR MUTUWA: Shin Da Gaske Ciwon Zuciya Ne Ya Yi Ajalinsa?

A wannan wata ina son mu tattauna a kan wata 'yar takarda da ba mu cika kula da ita ba, domin ranar da ake miƙo ta rana ce da hankalin kowa ba ya jikinsa. Ita ce takardar shaidar mutuwa, wadda likita yake cikewa idan mutum ya cika a asibiti. Yawancinmu ba ma tunawa da ita sai ranar da banki ko ofishin fansho suka ce a kawo ta kafin a fitar da haƙƙin magada. Ko a ranar ma, suna da kwanan wata kawai ake dubawa. Layin da aka rubuta sanadin mutuwar kuwa babu mai waiwayarsa, alhali shi ne ya fi shafar lafiyar 'ya'yan da aka bari.

Sau da yawa abin da za ki tarar a layin nan kalmomi biyu ne na Turanci, ma'anarsu "zuciya ta tsaya." Daga nan sai magana ta bazu a gidan makoki cewa ai ciwon zuciya ne ya kashe shi. To amma ki ɗan tsaya ki yi tunani. Wane mamaci ne zuciyarsa ba ta tsaya ba? Wanda mota ta kaɗe, da wadda jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, da dattijon da ciwon daji ya cinye, dukkansu zuciyarsu ta tsaya. Kamar dai a tambaye ki me ya hana tuwo nuna ne, ki ce wuta ce ta mutu. Ruwa ne ya zuba a murhun, ko icen ne ɗanye, ko iska ce? Wannan ita ce tambayar, kuma ba a amsa ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yadda ya kamata a cike takardar. Kashinta na farko yana da layuka jere. A layin sama likita zai sa abin da ya zo a ƙarshe, a na ƙasansa abin da ya jawo wancan, haka har a kai tushen ciwon, kowanne da tsawon lokacin da ya ɗauka. Misali, baiwar Allah ta shekara 12 tana fama da ciwon suga, sai gyambo ya fito mata a ƙafa ya yi wata 2 ya ƙi warkewa, sai ƙwayar cuta ta shiga jininta, cikin kwana 3 rai ya yi halinsa. Tushen nan ciwon suga ne, kuma shi ake ƙirgawa idan ƙasa za ta yi lissafin cututtukan da suke kashe mutanenta. Idan aka rubuta mata tsayawar zuciya kawai, an shafe shekarun nan 12 da layi ɗaya.

Kada ki zaci matsalar ta asibitocinmu ce kaɗai. Inda aka fi auna ta da kyau ma a Amurka ne. Akwai wani gari kusa da birnin Boston ana kiransa Firamingam, inda tun 1948 likitoci suka ɗebi mutum 5,209 suna bin lafiyar zuciyarsu shekara da shekaru. Duk wanda ya rasu a cikinsu, kwamitin likitoci yakan zauna ya duba fayil ɗinsa na asibiti da bayanan iyalinsa, sannan ya yanke abin da ya yi sanadi. A 1998 aka buga sakamakon kwatanta hukuncin kwamitin da abin da takardun mutuwa suka ce game da mamata 2,683. Takardun sun ɗora wa ciwon toshewar hanyoyin jinin zuciya mace-mace fiye da yadda kwamitin ya gano da kimanin kashi 24 cikin 100. A wajen tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama kuwa, adadin ya ninka har ya haura. Wato da zarar tsoho ya rasu ba a san takamaiman dalili ba, sai a jingina wa zuciya.

Labarin birnin Niyu Yok ya ma fi ban mamaki. An daɗe ana ganin alƙaluman mutuwar ciwon zuciya a birnin sun fi na ƙasar baki ɗaya, alhali mutanensa ba su fi sauran Amurkawa ƙiba ko shan taba ba. Da hukumar lafiya ta birnin ta bi sawu, sai ta tarar ƙarin daga bakin alƙalami yake fitowa. A 2009 ta zaɓi asibitoci 8 da abin ya fi yawa, ta koyar da ma'aikatansu yadda ake cike takardar. Kafin horon, kusan kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka rasu a asibitocin nan ciwon zuciya ake rubuta musu. Bayan horon adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 32. Ba wani sabon magani aka kawo ba, marasa lafiyar ma irin na jiya ne. Ciwon huhu da ciwon daji da sauran cututtukan da aka binne a ƙarƙashin sunan zuciya ne suka fito fili.

Me ya sa likita, da iliminsa, zai rubuta abin da ba shi ba? Ni dai ban ga mugunta a ciki ba. Sau da yawa wanda yake aikin dare ne ake tasowa ya sa hannu, bai taɓa ganin majinyacin ba, dangi kuma suna tsaye suna jiran gawa. Wasu ba a taɓa zaunar da su an koya musu cike takardar ba. Ciwon zuciya kuma amsa ce da ba mai ja da ita. A wani bincike da aka buga a 2013, kusan rabin matasan likitocin Niyu Yok da suka amsa tambayoyi sun ce sun taɓa rubuta sanadin da su kansu suka san ba shi ne ainihi ba.

Wannan fa ba yana nufin ciwon zuciya ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019. Kuskuren kuma yana tafiya ta fuska biyu, kuma a wajenmu fuska ta biyun ce ta fi damuna. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya, ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mafi yawan mamatanmu a gida suke cikawa, a yi musu sutura a ranar, babu takarda ko ɗaya. Sanarwa ta ce "bayan gajeriyar rashin lafiya." Magidanci ya yanke jiki ya faɗi a makewayi, sai a hau raɗe-raɗin jifa ko gamo, ba mai tambayar yaushe rabon da a auna jininsa. Mai jego ta yi wata uku ƙafafunta na kumbura, numfashi na gagararta in ta kwanta, ta rasu a ce sanyi ne ya shige ta, alhali likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu. Can ana rubuta wa zuciya abin da ba ta yi ba, nan kuma tana yi ana ba wa wani abu suna.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu ja. Sai dai sanin sababin yana da amfani ga masu rai, kuma ba ya rage wa mutum tawakkalinsa. Likitoci suna ɗaukar wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu da ciwon hanyoyin jinin zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin shekara 65, a matsayin wanda ya kamata a sa wa ido tun da wuri. Ranar da aka tambayi ɗanki a asibiti me ya kashe kakansa, amsar da aka gada daga gidan makoki ita zai bayar, likita kuma a kanta zai gina.

Don haka idan Allah Ya ƙaddara rasuwa a asibiti, a samu mutum guda cikin dangi mai natsuwa ya karanta takardar kafin a bar wurin, ko ya koma bayan sadakar uku. In ya ga tsayawar zuciya ko tsayawar numfashi kaɗai aka rubuta, ya tambayi likitan cikin ladabi: "Likita, me ya jawo ta tsaya?" In mace ce da ta rasu da ciki, ko cikin shekara guda da haihuwa, a tabbatar an nuna hakan, domin fom ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya yana da gurbin wannan tambaya. In kuma a gida aka cika, kada a zubar da katin asibiti da kwalayen magungunan mamacin ranar da ake kwashe ɗakinsa. A haɗa su a leda guda, a rubuta a takarda abin da aka gani a kwanakinsa na ƙarshe tun ba a manta ba, a ajiye tare da takardun gida.