Daga Tseren Kan Ruwa Zuwa Fagen Fama: Asalin Jirgin Spitfire

Wanda duk ya nazarci tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, lalle ya ci karo da sunan Spitfire, jirgin yaƙin da mutanen Ingila suke alfahari da shi har gobe, amma kaɗan ne suka san cewa asalinsa daga wasan tsere ne na jiragen sama masu tashi da sauka a kan ruwa, wasan da mahukuntan ƙasar da kansu suka taɓa ɗauka almubazzaranci ne da dukiyar baitulmali.

Wani attajiri Bafaranshe, Jacques Schneider, shi ya sa kofin wannan gasa, aka fara ta a Monako a 1913, bisa sharaɗin cewa ƙasar da ta ci sau uku cikin shekara biyar ta riƙe kofin har abada. Mai karatu zai yi mamakin yadda jirgin da yake ɗauke da ƙafafu biyu manya kamar kwalekwale zai fi na tudu gudu, alhali kuwa dalilin a fili yake: jirgi mai tsananin sauri yana bukatar doguwar hanya kafin ya ɗaga, filayen wancan zamani kuma gajeru ne na ciyawa, teku kuwa idan ta kwanta ba ta da iyaka.

A kamfanin Supermarine da ke Southampton akwai wani injiniya, Reginald Mitchell, wanda jiragensa suka ci gasar a Venice a 1927, suka sake ci a Ingila a 1929. Da 1931 ta zo, tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnati ta ce ba ta da ko anini na wasa, sai wata mata mai dukiya, Lady Houston, ta ba da fam 100,000 daga aljihunta. Jirgin da aka ƙera da wannan kyauta, S.6B, abin a tsaya a duba ne, domin injinsa na Rolls-Royce, mai ƙarfin doki sama da 2,000, yana fitar da zafin da babu lagireton da zai iya ɗauka ba tare da ya tare iska ba, saboda haka Mitchell ya mai da fatar fukafukan da ta ƙafafun su ne lagireto, ruwan zafi yana gudana a ƙarƙashinta iska tana sanyaya shi. Man kuma ya zuba shi cikin ƙafafun, ɗaya ta fi ɗaya, don nauyin ya hana ƙarfin farfela kifar da jirgin wajen tashi. Faransa da Italiya ba su shirya ba, suka janye, Ingila ta zagaya fagen ita kaɗai ta ɗauki kofin, nasarar da a gaskiya ba ta da armashi ƙwarai. Bayan 'yan makonni jirgin ya wuce mil 400 a awa, abin da ɗan Adam bai taɓa yi ba.

Ilmin da aka tara a nan, na siririn fiffike da gangar jiki ta ƙarfe da inji mai sanyaya da ruwa, shi Mitchell ya juya ga jirgin yaƙi, Rolls-Royce kuma suka fito da injin Merlin. Spitfire ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, da aka kai shi ga mayaƙa kuma yana ɗauke da bindigogi takwas cikin fukafukansa. Mitchell bai ga ranar da aka bukaci jirgin ba, domin ajali ya riske shi a 1937 sakamakon ciwon daji, yana da shekara 42.

Sai dai adalci ya wajabta a ambaci ɗan'uwan Spitfire, wato Hurricane, ƙirar Sydney Camm, wanda bai kai shi kyau ko gudu ba, bayansa ma yadi ne aka lulluɓe a kan ƙarafa, amma a gumurzun da aka yi a sararin Ingila a 1940 shi ya fi yawa, shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus, idan harsashi ya huda shi kuma a nan filin ake yi masa faci ya koma. A ganina an tauye masa haƙƙi a bakin mutane.

Hurricane ne kuma wanda kakanninmu suka fi gani da ido. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai aka riƙa kawo jiragen Hurricane cikin akwatunan katako zuwa Takoradi a Gwalkwas, a haɗa su a can, su taso ayari-ayari, jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, su sauka Ikko, su sha mai a Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wadda gwamnan ƙasar, Félix Éboué, ya buɗe musu ita bayan ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, sannan El Fasher da Khartum, har su isa Alƙahira.