Yadda Ake Share Suna Daga Rumbun Bayanai Ba Tare Da Ɓarna Ba

A zamanin En'e, in malamin hakimi zai fid da sunan mutum daga littafin haraji, sai ya ja layi a kansa, ya rubuta dalili a gefe, ko rasuwa ko ƙaura. Sunan yana nan, kowa na iya karantawa. To, lissafin da ya koma cikin kwamfuta ba haka yake ba, gama abin da aka share a rumbun bayanai ba ya barin ko alama a jadawali.

Irin rumbun da aka fi aiki da shi, shi ne mai jadawalai masu dangantaka, wanda wani Bature ɗan Ingila, Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya bayyana tsarinsa cikin 1970. Dabararsa ita ce kada a rubuta abu guda a wuri biyu. Jadawalin ƙauyuka daban, na masu gida daban, na rasit daban, kowane layi kuma da lambarsa. Rasit ba ya ɗauke da sunan wanda ya biya, sai lambarsa kaɗai. Saboda haka in aka share mai gida, rasit ɗinsa sun zama marayu: ga kuɗi a rubuce, ba a san na wa ba ne.

Wanda ya gina rumbun shi ke zaɓen abin da zai faru a nan. Yana iya sa rumbun ya ƙi share duk layin da wasu ke rataye da shi, ko ya bar gurbin lambar babu kome, ko kuwa ya bi ya share dukkan abin da ke rataye. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro. Malami ya share ƙauye guda, sai masu gidan ƙauyen su bi shi, rasit ɗinsu kuma su bi su, alhali shi layi ɗaya ya nufa. A lissafin kuɗi, na farkon ya fi. Lalle ne malami ya tambaya wanne aka zaɓa tun bai taɓa kome ba.

Umarnin sharewa ana ce da shi DELETE, yana tafe da sharaɗi wanda ke farawa da kalmar WHERE, watau inda ake faɗin wane layi ake nufi. In aka manta da sharaɗin, jadawalin duka ya tafi, rumbun kuwa ba zai tambayi kowa ba. Maganin wannan shi ne a fara ba da umarnin dubawa, SELECT, da wannan sharaɗi daidai, a ƙirga abin da ya fito. In ana zaton layi ɗaya aka ga arba'in, a tsaya. Har wa yau da lamba ake share mutum, ba da suna ba, domin babu gundumar da Audu guda ne a cikinta.

Sa'an nan a buɗe aikin da BEGIN kafin a share. Rumbun zai faɗi layi nawa ya taɓa. In daidai ne a tabbatar da COMMIT, in ba daidai ba a ce ROLLBACK, kome ya koma yadda yake. Amma a lura, MySQL da PostgreSQL sukan tabbatar da kowane umarni nan take in ba a buɗe da BEGIN ba, don haka tuna ROLLBACK daga baya ihu ne bayan hari.

Ajiye kwafi wajibi ne, gwada shi kuma ya fi wajaba. Ran 31 ga Janairu 1917 ba a san wannan aiki ba, amma shekara ɗari daidai bayan haka, a 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share babban rumbunsu bisa kuskure, yana tsammanin na biyu ne. Da aka nemi ajiyar da aka dogara da ita, sai aka tarar ba ta aiki. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya salwanta.

Sau da yawa ma ba a bukatar sharewa. Ana ƙara gida guda a jadawali inda za a sa alama da kwanan wata, sai sunan ya daina fitowa amma yana nan ajiye. Sai dai dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon neman a share bayanansa a wasu halaye, a nan ɓoyewa ba ta wadatar ba.

Abin da ya rataya a wuyan hakimi shi ne kada a share kome sai da takarda mai sa hannunsa, wadda ta faɗi lambar, da dalili, da sunan malamin da zai yi. Sauran malamai a ba su iznin dubawa da rubutawa kawai.