Nazarin Gine-gine ga Ɗalibin Harshe: Darasi daga Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan ɗauka cewa nazarin gine-gine aikin masu zanen gida ne kaɗai, babu ruwan mai karatun harshe da shi. Wannan takarda za ta nuna cewa gini ma abin karantawa ne, kamar waƙa ko tatsuniya. Za a kafa hujja da birane biyu na ƙasar Sudan masu fuskantar juna a gaɓar Kogin Nilu, wato Hartum da Umdurman.

2.0 Hanyoyi Biyu na Koyon Gini

A wasu jami'o'in Amurka, ɗalibi yakan yi shekara 4 yana ɗanɗana fannoni daban-daban, kamar tarihi da falsafa da lissafi da harshe, sannan ya fi mayar da hankali ga guda ɗaya. Idan gini ya zaɓa, ba ya fita a matsayin ƙwararren mai zane sai ya ƙara digiri na biyu. Amfanin wannan tsari shi ne, wanda zai zama malami ko ɗan jarida shi ma yana samun rabonsa na sanin gini.

Hanya ta biyu ita ce wadda Sudan da Nijeriya suka gada daga Ingila, inda ɗalibi ke shiga sashen zanen gine-gine tun daga farko. Jami'ar Hartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956. A 1957 aka buɗe mata sashen zanen gine-gine a ƙarƙashin jagorancin wani Baturen Ingila, Alick Potter. Wannan hanya tana fitar da gwanaye. Hasali ma, Masallacin Nilaini na Umdurman, mai ƙatuwar ƙubba marar ginshiƙi a tsakiya, ya faro ne daga zanen da wani ɗalibin sashen ya yi don kammala karatunsa. Sai dai kuma takan bar sauran ɗalibai ba su san komai game da ginin da suke zaune a cikinsa ba.

3.0 Yadda Ake Karanta Birni

Mu ɗauka an ajiye ɗalibi a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Idan ya dubi yamma, zai ga Umdurman. Bayan da Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Hartum a watan Janairu na 1885, shi da magajinsa Halifa Abdullahi sun juya wa birnin baya, suka mayar da Umdurman hedikwata. A nan aka yi gidajen ƙasa da lunguna, aka kewaye babban filin salla, aka gina gidan Halifa, aka kuma ɗaga ƙubba a kan kabarin Mahadi. Wato gari ne da aka tsara shi a kan masallaci da kasuwa, kamar yadda tsohon birnin Kano yake.

Da Kitchener ya ci nasara a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, sai ya rushe ƙubbar, ya sake gina Hartum da miƙaƙƙun tituna masu faɗi da ofisoshin jan bulo a bakin kogi. Ba a sake ɗaga ƙubbar ba sai 1947, a hannun ɗan Mahadin, Sayyid Abdurrahman. Ashe ke nan ko ba a buɗe littafi ba, faɗin titi da tsayin ƙubba sun isa su gaya wa mutum wanda ke da mulki a kowane zamani.

4.0 Gini da Kalmomi

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa riba, domin kowane sashe na gida yana da suna, kuma sunan yana ɗauke da al'ada. A Larabcin Sudan, hoshi shi ne tsakar gida. Diwan shi ne ɗakin da maigida ke karɓar baƙi maza, aikin da zaure ke yi a ƙasar Hausa. Rakuba kuwa ita ce rumfar shan inuwa. Ginin ƙasa da ake ɗorawa hawa-hawa ana ce masa jalus, alhali maginin Hausa tubali yake jerawa. Can suna shafe bango da zibala, wadda ake haɗawa da kashin dabbobi, mu kuma muna da makuba. Zafin rana da neman sutura ga iyali, su ne suka sa gidajen biyu suka yi kama.

Wanda bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufin soro ba, yaya zai fassara azara ko bakan gizo ko ɗaurin guga? Yaya zai fahimci dalilin da ya sa aka kira Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, Babban Gwani?

5.0 Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da karatu a harabar Jami'ar Hartum, ya lalata gine-gine masu yawa a biranen biyu, aka kuma wawashe kayan gidan tarihi na ƙasa. Idan aka zo sake gini, masu zane za su zana, amma jama'a ne za su faɗi abin da ya cancanci a raya. Wanda bai san darajar abu ba, ba ya kukan rashinsa. A ƙasar Hausa ma, ruwan sama da siminti suna cinye soraye a kowace shekara, sunayensu na bin su.

6.0 Aikin Gida

Kowane ɗalibi ya ziyarci wani tsohon gida, ya zana fasalinsa daga zaure zuwa turaka, ya tambayi wani dattijo ko magini sunan kowane sashe. Ya kawo kalmomi 20 tare da bayanin kowacce cikin jimla ɗaya.