Shin Namiji Zai Iya Zama Bakin Mace A Sha'anin Addini?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a majalisun malamai, watau ko ya dace maza su kaɗai su riƙa yanke shawara bisa abin da ya shafi mata cikin harkar addini. Waɗansu su kan ce ilmi ba ruwansa da jinsi, duk wanda ya san hukunci sai ya faɗa. Waɗansu kuwa su kan ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Tarihin ƙasarmu ya ga irin wannan gardama tun da daɗewa, ya kamata mu duba yadda ta kaya.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya ke yawon wa'azi, mata su kan halarci majalisarsa, an keɓe musu wurinsu. Wani malamin Barno mai suna Mustafa Goni ya zarge shi da haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, abin da amsar ta ƙunsa kuwa shi ne barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. A littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya yi tir da malaman da su ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. To, ga shi nan maza uku su na muhawara a kan mata, biyu daga cikinsu sun tsaya musu. Ashe namiji ya na iya kare hakkin mace.

Amma Shehu bai tsaya ga magana a madadinsu ba. Ya karantar da 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa wajen 1793, har ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ita ce ta kafa 'Yan Taru. Ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, jajin kuma ta riƙa jagorantar mata zuwa wurin Asma'u su ɗauki karatu, su koma su koya wa waɗanda aure ko nisa ya hana su zuwa. Da wuya namiji ya iya shirya wannan, domin ba shi da hanyar shiga cikin gidajen mutane, bai kuma san lokacin da matan aure su ke samun sarari ba. Asma'u ta rasu a 1864, aikin bai mutu da ita ba.

Mu dubi wani misali dabam. A shekarun 1950, lokacin da a ke tsara mulkin kai, shugabannin Jihar Arewa sun ce addini da al'ada ba su yarda mata su jefa ƙuri'a ba, har ma aka ce matan da kansu ba su bukata. Majalisar da ta yanke wannan maza ne zalla a cikinta. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta fito ta ce su na bukata, ta sha ɗauri saboda gwagwarmayarta. Aka yi zaɓen 1959 matan Kudu su na jefa ƙuri'a, na Arewa su na gida. Sai a 1976 aka ba su dama, suka kuwa fito suka yi layi a zaɓen 1979. Wanda ya ce ba su so, ai bai tambaye su ba.

Haka kuma a 1985 mata Musulmi suka taru a Minna suka kafa ƙungiyar FOMWAN, Hajiya A'isha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Ba su fita daga addini ba, ba su kuma raina malamai ba. Sun dai ga cewa akwai al'amura kamar karatun 'ya'ya mata, da lafiyar masu haihuwa, da hakkin matar da aka saka, waɗanda ba su kan samu gaba a taron maza ba, sai suka buɗe makarantu da asibitoci da hannunsu.

Abin da waɗannan misalai su ke nunawa shi ne, akwai bambanci tsakanin faɗin hukunci da faɗin halin da mutum ya ke ciki. Hukunci na mai ilmi ne, namiji ko mace, shi ya sa manyan Sahabbai suka riƙa tambayar Nana A'isha. Amma abin da ke damun mace a gidan miji, ko gaban alƙali, ko a bakin masallaci, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Namijin da ya tsaya mata ya yi abin kirki, muddin ya fara sauraronta, kuma ya ba ta wuri ta faɗi nata.

Saboda haka, ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne galibi a ke sakawa cikin kwamitin masallaci da na Islamiyya. Ran da aka kawo maganar mata a gabanku, ku duba ɗakin ku ga ko akwai mace ciki. In babu, ku nemi a aika a kira su kafin a rufe magana. Allah ya sa mu dace, amin.